Ranar Alhamis zan fara ganin masanin halayyar ɗan Adam: me zan tarar?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau ina da buƙatar shawararku. Ni malamar makaranta ce a nan cikin garin Sakkwato, ina zaune a Mabera. Tun bayan rasuwar mahaifina, yau wata 8 ke nan, barci ya ƙaurace mini. In na samu na runtsa, wajen ƙarfe 2 na dare sai in farka da faɗuwar gaba, zuciyata tana bugawa kamar wadda ta yi gudu. An auna jinina, an yi mini gwajin zuciya, an ce ba a ga komai ba. Likitar da ta duba ni a ƙarshe ta ce abin ya fi kama da damuwa, ta ba ni shawarar in ga masanin halayyar ɗan Adam, kuma na samu wani mai zaman kansa wanda ya ba ni ranar Alhamis bayan la'asar. Maigidana ya amince, ban da shi babu wanda ya sani. Tambayata ga waɗanda suka taɓa zuwa ita ce: me ake yi a zaman farko? Magani zai ba ni? Dole ne in faɗa masa duk abin da ke cikin gidana? Kuma zama nawa ake yi kafin a ga sauƙi? Wallahi tun da aka sa ranar nake jin kamar in fasa.

Malam_Bashar_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malama, kada ki fasa. Ni na yi irin wannan zama shekara 3 da suka wuce, bayan 'yan bindiga sun tare motarmu a kan hanyar Sabon Birni. Allah ya kuɓutar da ni, amma na fi wata 6 ko ƙarar salansar babur na ji sai jikina ya ɗauki rawa.

Abin da zan gaya miki shi ne, zaman farko kusan duk tambayoyi ne. Ya fara da bayyana mini yadda yake aiki da tsawon kowane zama da kuɗinsa, ya ba ni takarda na karanta na sa hannu. Sannan ya tambaye ni abin da ya kawo ni, da yaushe abin ya fara, da yadda barcina yake, da cin abincina, da cututtukan da na taɓa yi, da magungunan da nake sha, har da ko akwai wani a danginmu da ya taɓa yin irin wannan larura. Mun ɗauki kimanin awa ɗaya. Da na fito raina bai yi daɗi ba, domin na je da tsammanin za a ce mini yi kaza ka warke, sai ga shi ni ne na yi ta magana, shi kuma yana saurare yana rubutu. Na faɗa wa iyalina cewa na yi asarar kuɗina. Sai a zama na uku na gane cewa a kan waɗancan tambayoyin ya gina duk aikin da muka yi daga baya. Ina gaya miki wannan ne don kada ki yanke hukunci da abin da kika gani ranar Alhamis kaɗai.

Hauwa_Nas:
Yaya Ummu Sadiq, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan amsa tambayarki ta magani, domin mutanenmu suna yawan haɗa mutum biyu su mai da su ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni, shi ne yake rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa a ƙasar nan ba ya rubuta magani. Aikinsa auna halin da mutum yake ciki da yi masa jinya ta hanyar tattaunawa. Idan ya ga larurarki tana buƙatar ƙwaya, zai tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma mutane da yawa suna haɗa biyun. In kika ga ya ɗauko takarda ya rubuta miki magani da kansa, ki tsaya ki yi tambaya.

Akwai yiwuwar ya ba ki wata takarda mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, wadda take auna alamun ciwon damuwa a cikin makonni 2 da suka wuce, ko wata mai tambayoyi 7 ta fargaba, GAD-7. Ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Tambaya ta ƙarshe a ta farkon tana game da tunanin mutuwa ko cutar da kai. Kowa ake yi wa ita, kada ki ɗauka ya ga wani abu ne a tare da ke.

Sannan ki duba takardunki, ko a cikin gwajin da aka yi miki har da na maƙoƙo da na ƙarancin jini, domin dukansu biyu suna iya kawo bugun zuciya da rashin natsuwa. Ki tafi masa da sakamakon duka.

Gwaggo_Luba:
Ɗiyata, Allah ya jiƙan mahaifinki. Ni dai ba na ganin dacewar mace ta je ta zauna gaban baƙon namiji ta kwashe asirin gidanta da na iyayenta ta zube masa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu ma mun rasa iyaye, mun rasa 'ya'ya, mun yi haƙuri, kuma Allah ya yaye mana. Kina da uwa, kina da yayye, kina da miji. Sakkwato kuma gari ne da kowa ya san kowa. Yau ki faɗi magana a ofis, gobe ki ji ta a wurin biki. Ba ina hana ki neman lafiya ba ne, ina jiye miki abin da zai biyo baya.

Zayyanu_Gwiwa:
Gwaggo ta faɗi abin da yake zuciyar mutane da yawa. Ni ma wannan ne ya hana ni kai ƙanena.

Lauya_Nasiru:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Tsoron da kike ji yana da tushe, amma a san cewa riƙe sirrin majiyyaci ba alfarma ba ce da ma'aikacin lafiya yake yi wa mutum, wajibi ne a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana abin da ya shafi lafiyar mutum ba da izininsa ba, sai da umarnin kotu ko wani dalili da doka ta tanada. Sannan a watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ake kira dokar mahaukata, kuma ta tanadi haƙƙoƙin masu wannan larura tare da hana nuna musu wariya.

Sirrin yana da iyaka, kuma masani na ƙwarai zai faɗa wa Malama iyakar tun kafin ta buɗe baki: idan ya ga rayuwarta ko ta wani tana cikin haɗari, ba zai yi shiru ba. Ban da wannan, ko maigidanta ba shi da ikon zuwa ya ce a karanta masa abin da ta faɗa. Shawarata, ta tambaye shi ƙarara: ina yake ajiye abin da yake rubutawa, kuma wa yake iya gani? Wani lokaci ba daga masanin magana take fita ba, daga mai karɓar baƙi ne ko mai ɗaukar kati.

Saratu_RunjinSambo:
Gwaggo, ki gafarce ni in ƙara a kan maganar Lauya. Ni ina da uwa da yayye, kuma na gode wa Allah da su, amma bayan haihuwata ta biyu duk wadda na gaya wa halin da nake ciki sai ta ce in yi haƙuri, in gode wa Allah da ya ba ni ɗa lafiyayye. Ina godiya, amma kuka bai daina zuwa mini ba, kuma na kai ga ba na son ɗaukar jaririn. Wannan maganar ban iya faɗa wa Inna ba, domin na san za ta tayar mata da hankali. Masaniyar halayyar ɗan Adam da na gani ba ta san dangina ba, ba ta da abin da za ta kare ko ta ɓata, shi ya sa bakina ya buɗe.

Yaya Ummu Sadiq, game da tambayarki ko dole ne ki faɗi komai: ba dole ba ne. Akwai abin da ban faɗa ba sai a zama na biyar, kuma da na ce ban shirya ba, ba ta matsa mini ba. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da kika faɗa ya zama gaskiya, domin da shi za a yi miki aiki. Ki tafi da hankici. Ni ban yi zaton zan yi kuka ba, amma tana tambayata yaushe rabona da jin daɗin wani abu sai hawaye suka kece mini. Ba ta ce in yi shiru ba, ta jira har na gama.

Abu_Huzaifa:
Malama, kin gwada ruƙiyya kuwa? Farkawa a tsakiyar dare da faɗuwar gaba alamu ne da muka sani. Ki lazimci azkar na safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Waɗannan hanyoyin na Turawa an gina su ne a kan tunanin mutanen da ba su san ƙaddara ba, kuma ina tsoron a raunana wa mutum tawakkalinsa.

Malam_Murtala_KofarAtiku:
Malam Abu Huzaifa, azkar da ka ambata babu Musulmin da zai yi jayayya da su, kuma ina ƙarfafa wa Malama gwiwa a kansu. Inda na saɓa da kai shi ne mai da abin zaɓi tsakanin addu'a da jinya. Hadisi ya tabbata a cikin Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa tawakkalinsa ya yi rauni. Shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta.

Kuma ba daidai ba ne a ce wannan ilimi na Turawa ne kaɗai. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake zuwa ba dalili, ya kuma yi bayanin yadda ake magance mugun tunani da kyakkyawan tunani. A nan garin namu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, bai ga hakan ya ci karo da dogaro ga Allah ba. Abin da Malama za ta yi shi ne ta faɗa wa masanin tun farko cewa addininta yana da matsayi babba a rayuwarta. Idan ya san aikinsa zai girmama wannan, har ya yi amfani da shi. Idan ya raina, ta nemi wani.

Abu_Huzaifa:
Na karɓi gyaran a kan al-Balkhi, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma ina nan a kan cewa a fara da ruƙiyya, kuma a san aƙidar wanda za a zauna gabansa.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Abu Huzaifa, ban bar azkar ba ko kwana ɗaya, kuma kawuna ya yi mini ruƙiyya sau biyu. Ina samun natsuwa a lokacin, amma dare yana yi abin sai ya dawo. Malama Hauwa, na duba takardun, babu gwajin maƙoƙo, gobe in sha Allahu zan je a yi. Gwaggo, maganarki ta zaman mace da baƙon namiji ta tsaya mini a rai, domin ni ma abin yana damuna. Har yanzu kuma ina jiran wanda zai gaya mini abin da ake yi bayan zaman farko, da tsawon lokacin da ake ɗauka.

Malam_Bashar_Arkilla:
Bari in koma kan wannan, tun da ni na fara. Hanyar da aka bi da ni ita ce wadda ake taƙaita sunanta da CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Tushenta shi ne, abin da mutum yake faɗa wa kansa a zuci yana juya yadda yake ji da abin da yake aikatawa. Muna haɗuwa sau ɗaya a mako, minti 50 zuwa awa ɗaya. A ƙarshen kowane zama yana ba ni aikin gida. Na sayi ƙaramin littafi, duk lokacin da gabana ya faɗi sai in rubuta inda nake, da abin da ya zo mini a rai, da abin da na yi. Mako mai zuwa mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayata mece ce hujjata a kan wannan tunani, mece ce kuma hujjar da ta saɓa masa. Ya koya mini yadda zan sassauta numfashina idan bugun zuciya ya taso. Daga baya muka fara tunkarar abin da nake gudu kaɗan-kaɗan: na fara da zuwa tasha in tsaya kawai, sannan na hau mota zuwa Bodinga na dawo, har na kai ga yin doguwar tafiya.

Na yi zama 14. Galibi irin wannan hanya tana ɗaukar tsakanin zama 8 zuwa 20, gwargwadon larurar mutum. Kuma in gaya miki abin da ba a gaya mini ba: a makonnin farko abin ya ƙara mini nauyi, domin na tono abin da na binne. Ranar da na ba da labarin harin daga farko har ƙarshe, ban yi barci ba a daren. Da na faɗa masa, sai ya rage saurin da muke yi. Idan hakan ta faru da ke, ki faɗa masa, kada ki ɗauke ƙafa shiru.

Larurarki ta rashi ce, tawa ta firgici ce, saboda haka ba lallai aikinku ya zama iri ɗaya da namu ba.

Hauwa_Nas:
Ƙari a kan bayanin Malam Bashar: tun da rashin barci ne ya fi damun ta, zai yiwu a tambaye ta shayi nawa take sha da yamma, ko tana cin goro, ko tana duba waya a kan gado, a kuma ce ta tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum. Abubuwa ne da ake rainawa amma suna cikin jinyar. Kuma ga duk mai karanta wannan: wanda tunanin kashe kansa ya zo masa, ko ya fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya yi kwanaki ba ya ci ba ya sha, ba ya jiran ranar Alhamis. A kai shi asibiti a ranar.

Zayyanu_Gwiwa:
Ni tambayata ta kuɗi ce, domin ita ce ba a taɓa ba. Zama 14 a wurin mai zaman kansa, a wannan tsadar rayuwa, malamin makaranta ina zai samu? Ga asibitin gwamnatin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, kan hanyar Illela, ga kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan cikin gari. Me ya sa ba za a fara da su ba?

Saratu_RunjinSambo:
Malam Zayyanu, kai ma ka san dalilin. A garin nan idan aka ce an kai wane Kware, an gama da shi a bakin mutane, ko da rashin barci ne kawai ya kai shi. Ba laifin asibitin ba ne, ƙwararru ne a can kuma suna taimakon jama'a, laifin bakinmu ne. Mace mai 'ya'ya mata da za ta aurar tana lissafa wannan kafin ta taka ƙafarta. Abin da mutum yake saye a wurin mai zaman kansa shi ne keɓewa da lokaci da ganin mutum ɗaya kowane mako. Amma maganarka gaskiya ce, da a fara a yanke a tsakiya saboda kuɗi, gara a je inda za a iya ɗorewa. Ni na gaya wa wadda take ganina ƙarfina tun ranar farko, muka mai da zaman duk bayan mako biyu. Yaya Ummu Sadiq, ki tambayi kuɗin zama, da abin da zai faru idan uzuri ya hana ki zuwa, domin wasu suna cajin zaman da aka fasa ba da sanarwa ba.

Maryam_Minannata:
Ina so in ja hankali a kan wani abu da ya same ni. Na ga tallar wata a Facebook tana kiran kanta ƙwararriya, na biya kuɗin zama 6 gaba ɗaya. Tun a zama na farko, ba ta gama jin labarina ba ta yanke hukunci a kan aurena, ta shiga ba ni labarin wasu matan da take gani har da unguwanninsu. Nan take jikina ya yi sanyi, domin na san gobe labarina ne zai zama misali. Daga baya na gano kwas na 'yan makonni kawai ta yi. Kuɗina bai dawo ba.

Saboda haka tsoron Gwaggo Luba ba banza ba ne. Kada kunya ta hana ki tambayar inda ya yi karatu. Wanda ya cancanci yin wannan aiki yana da aƙalla digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam na ɓangaren jinya, ya kuma yi horo a asibiti, kuma akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, NACP. Kada ki biya kuɗin zama da yawa kafin ki ga kamun ludayinsa. Masani na gaskiya ba ya yanke miki hukunci a kan rayuwarki, ba ya yi miki alkawarin warkewa cikin kwana kaza, ba ya kiran ki da dare don hira.

Malam_Murtala_KofarAtiku:
A kan zaman mace da namiji, akwai mafita. Maigidanta ya raka ta ya zauna a waje kusa, a bar ƙofa ba a kulle ba, ko a nemi wata ma'aikaciya ta kasance a kusa. Idan an samu mace masaniya, ya fi.

Hauwa_Nas:
Haka ne Malam, sai dai in ƙara cewa ya zauna a wajen, kada ya shiga ciki har ƙarshen zama. Na sha ganin mace ta zo da mijinta, a yi mata tambaya shi ya amsa, ita kuma kunya ta hana ta gyara masa. Ba mugunta ba ce, kulawa ce, amma jinyar ba ta tafiya a haka. Wasu kuma suna yin zaman ta waya da masaniya mace daga Kano ko Kaduna ko Abuja. Yana aiki, in dai akwai ɗakin da za a keɓe, wanda a gidan yawa ba ƙaramin abu ba ne.

Ummu_Sadiq:
Na kira shi ɗazu na yi masa tambayoyin da kuka ba ni. Bai nuna ɓacin rai ba, ya faɗi inda ya yi karatu da asibitin da ya yi horo, ya ce zama ɗaya-ɗaya ake biya, kuma da Hausa za mu yi magana, wanda ya kwantar mini da hankali domin ban san yadda zan faɗi abin da ke raina da Turanci ba. Maigidana zai raka ni ya jira a waje. Na fara rubuta lokutan da nake farkawa a littafi kamar yadda Malam Bashar ya yi. Abin da ya rage mini shi ne Inna. Ita ma tana cikin nata jimamin, ban sani ba ko in gaya mata inda zan je, ko in bari sai na ga yadda abin zai kasance.

Gwaggo_Luba:
Ɗiyata, tun da mijinki zai raka ki, na rage damuwa, ko da yake ban sauya ra'ayina duka ba. Amma Innarki ki gaya mata da bakinki. Idan ta ji a wurin wani, zafin zai fi na rashin barcin da kike yi.

Saratu_RunjinSambo:
Ni kuwa sai bayan zama na huɗu na gaya wa tawa, lokacin da na san abin da zan ce mata idan ta tambaye ni me ake yi a can. Yaya, wannan ma tambaya ce da za ki iya kai masa ranar Alhamis ɗin.